Ciyawar Bayan Ɗakin Inna

Ruwan da na ɗauka a kaina ina da ƙuruciya, ciyawa ce ta shanye shi. Ba hatsi ba, ba albasa ba, ba ma doki ba balle in ce dabbar Allah ce ta sha. Ciyawa, wadda ko akuya ba a bari ta kai mata baki. Wuyana ya ƙage, gashin tsakar kaina ya zube, kuma har Nasara suka naɗe tutarsu suka tafi babu wanda ya ce mini sannu. Ban yafe ba. Masu ce mini tsohuwa ba ta riƙo, su je su ɗauki tulu daga rijiya zuwa bariki cikin bazara, in sun dawo sai mu yi magana.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki, kwanan baya na bi ta wani shataletale cikin gari, na tarar da ma'aikatan magajin gari sun shuka ciyawa suna ba ta ruwa da tiyo. Na tsaya na duba. Siririya ce mai laushi, bakinta har ya fara ja tun bazara ba ta kankama ba. Na san ta. Ko ba ita ba ce, to ƙanwarta ce. Na koma gida na ɗauko bik, wato biro, tun da Allah ya sa na yi karatun manya da furfura a kaina, ba sai na roƙi ɗan wani ya rubuta mini ba, ya riƙa ragewa inda ya ga na yi zafi.

Ku ƴan yanzu kuna tsammani a nan tudu aka haifi Maraɗi. A'a. Garinmu can ƙasa yake, bakin Gulbi, cikin inuwa. Tsamiya da kanya da gawo sun haɗa kai a sama, mutum ya fita daga gidanmu ya kai kasuwa rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Lunguna a murɗe kamar hanjin rago, baƙo ya ɓace, ɗan gari ya bi da ido rufe. Da safe warin baba ya taso daga marina ya gamu da hayaƙin masu waina. Rijiya kuwa, igiyar da za ka ɗaure akuya ta ishe ka jan ruwa. Bayan gari duk garake ne, taba da albasa da rogo da dankali, kuma babana yana da tasa garkar a ciki.

Babu abin da Baba ya tsana a duniya kamar ƙiri-ƙiri. Haki ne mai rarrafe. Ba ya tashi sama, sai dai ya miƙa hannu bisa ƙasa, kowace gaɓa ta kafa saiwa, a ƙarƙashi kuma wata farar jijiya tana tafiya ba a ganinta. Baba yakan ce in ka sare shi gida uku da hauya, ka haifa wa kanka maƙiya uku. Tun muna ƙanana aka koya mana bin jijiyar da yatsa har ƙarshenta, a tara a shanya a ƙone. Duk ɗiyar manomin fadama haka ta tashi.

Inna kuma mai shara ce. Tsakar gidanta kamar tafin hannu, in ta gama har zanen tsintsiya ake gani bisa rairayi, kaza ma sai ta ji kunyar takawa. A wurinmu haki a tsakar gida abin kunya ne. Kango shi ke da haki, da gidan da mutane suka daina shiga. In ana so a yi wa mutum mugun baki sai a ce ciyawa ta tsiro a ƙofarsa.

Amma akwai wuri ɗaya da tsintsiyar Inna ke kewayewa. Bayan ɗakinta, inda ruwan wanka ke gangarawa, ƙiri-ƙiri ya shimfiɗu kamar faɗin tabarma biyu, kore shar, mai kauri, in ka taka ƙafarka ta nutse. A nan take binne mabiyiyar duk ɗan da ta haifa, a nan kuma take wankan jego. Inna ta haihu da yawa. Ni kaɗai na tsaya. Sauran wani ya yi kwana bakwai, wani ya kai yaye, aka kai su inda ake kai mutane, abin da ya rage mata nasu a gida shi ne wannan wuri. Da na zo haihuwar fari gida, ta ɗiyata ma can Inna ta binne ta, ta zaunar da ni bisa turmi tana fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganye, ina ihu tana ce mini raguwa.

Abin da hakin nan ya gani, ko jaki bai gani ba. Ruwan jego ya dafa tsakiyarsa ya yi fari fat, kafin a yi arba'in ya rarrafo daga gefe ya rufe. Awaki su kwance su aske shi har ƙasa, ya dawo. Ruwan toka da na sabulun salo duk a kansa. Shekarar da aka yi fari ya bushe ya yi launin zana, muka ce to wannan karo kam ya tafi, ruwan farko na sauka ya buɗe ido. Baba ya taɓa zuwa da hauya zai yi masa abin da ya saba yi a garka. Inna ta dai shimfiɗa tabarmarta a kai ta zauna tana kaɗi. Ya tsaya, ya tsaya, ya rataya hauyarsa ya fita.

Allah ya rufa wa Baba asiri, ya rasu bai ga shekarar da Gulbi ya ci gari ba. Mijina, ɗan wan Baba ne, a gidan muke zaune, shi kuma an ɗauke shi soja an kai shi yaƙin Nasara, ba mu san ko wace ƙasa ba. Saboda haka da ruwa ya shigo, ni ce da Inna da jaririya. Katangu suka narke kamar kanwa a tukunya. Da ruwan ya janye, kumandan, Banasaren da ke mulkin gari, ya ce ba wanda zai sake gini a ƙasa, kowa ya hau tudu. Aka ja igiya aka kafa turaku, hanyoyi a miƙe kamar an tsaga kara. Unguwannin da kuke kira Sabon Gari da Zariya yanzu, gonaki ne da sabara da ƙarangiya. Ba itace ko ɗaya da zai rufe kan mutum. Rijiya kuwa sai ka leƙa ka ga ruwa can ƙasa kamar idon kifi. Muka kafa bukkoki biyu, muka kewaye da zana, aka ce mana wannan shi ne gida.

Ba a daɗe ba mai unguwa ya zo ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya don aikin bariki. Gidanmu babu namiji. Inna ta karɓi goyo, ni na ɗauki tulu.

Matar kumandan, madam muke ce mata, ita ke son ciyawa a gaban gidanta. Gazon take kiranta. An aiko mata iri daga Faransi, abu kamar ƙaiƙayi. Aka kwaso baƙar ƙasa da taki daga fadama bisa jakuna, aka baje bisa rairayi, aka watsa irin cikin sanyi. Mu kuma mata, layi guda daga rijiya, safe da la'asar. Mu juye a randa, ƴan kaso, wato fursunoni, su ɗiba da wata butar ƙarfe mai bakin rariya su yayyafa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ciyawar nan da ta fito tana da kyau. Laushi kamar gashin jariri, kore irin wanda ban taɓa gani ba ko a garkar albasa. Akwai safiyar da na ji kamar in ajiye tulu in kwanta a kai. Madam takan fito ba takalmi ta taka a hankali, ta tsaya ta rufe ido. A lokacin haushi take ba ni. Sai da na tsufa na gane ita ma wani bayan ɗaki take tunawa.

A layin nan na yi ƙawa, wata ƴar Azna daga ƙauyen bayan Tsibiri, doguwa, mai bakin da ba ya mutuwa. Ita ta yanke mana hukunci tun ranar farko cewa wurin tsafin Nasara ne. Ta ce dubi: ba a ci, ba a kiwo, ba a takawa sai mai shi, ga sanda an kafa a tsakiya an rataya ƙyalle, safe da yamma a busa ƙaho a yi masa tsaye. In ba gidan tsafi ba mene ne? Abin da ya dame ta kawai shi ne kwaɗayin abin. Ta ce na gidansu kaza ɗaya ake ba shi a shekara ya yi shiru, wannan kuwa ya shanye rijiya bai ce ya ƙoshi ba. Takan ce mini ƴar malamai, in ce mata ƴar dawa. Da ba don ita ba da wuyana ya karye tun a watan farko.

Bazara na shigowa ciyawar madam ta nuna halinta. A ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta kwanta. A ba ta da rana, ruwan ya dafa ta. Ruwan rijiyar tudu yana da ɗan kanwa-kanwa, sai ya bar farin gari bisa ƙasa, ita kuma ba ta son wannan. Inda karen kumandan ya yi fitsari, sai wurin ya ƙone kamar an aza tukunya. Inda mutum ya taka, sawunsa ya kwana. Aka ƙara mata, aka ƙaro mata daga wata unguwa, a banza. Kafin hadari ya fara haɗuwa ta zama kamar gemun masara.

Sai aka kawo ta biyu daga bakin teku, cikin jiƙaƙƙun buhuna a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Wannan mai faɗin ganye ce, dasa ta ake yi ba shukawa ba. A gindin baranda inda inuwa take ta yi kyau abinta. Wadda ke fili kuwa da rana ta ɗaga sai ta naɗe ganye kamar mai jin kunyar suruki. Shan ruwanta ya ninka na ta farko. Abin da rana ta rage, gara ta bi ta ƙarƙashi ta gama da shi, ka kama ganye ka ja ya biyo ka ba saiwa.

To, cikin baƙar ƙasar nan da aka kwaso daga fadama, ƙiri-ƙiri ya biyo. Ina zai ƙi biyowa? Da ya ji ruwa safe da yamma sai ya fara leƙowa tsakanin ciyawar madam. Mu kuma ba wanda ya sa mu. Hannun ɗiyar manomi ba ya ganin ƙiri-ƙiri ya wuce. Mu ajiye tulu, mu durƙusa, mu bi jijiya da yatsa har ƙarshe kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Har gasa muke yi wa za ta zaro mafi tsawo. Madam ta ga muna cire abin da ba nata ba, ta ji daɗi, ta sa aka ba mu gishiri. Mu tara mu watsa bayan katangar madafa, inda kuku ke zubar da ruwan wanke-wanke, inda kuma gardawan bariki ke ɗaure dawakinsu. Wata da watanni muna kashe abu ɗaya tak da zai iya rayuwa a wurin, muna shayar da masu mutuwa, kuma duk cikinmu ba wadda ta ga abin dariya a ciki. Ai ba a shuka ƙiri-ƙiri. Wa ya taɓa jin an shuka maƙiyi?

Madam da kanta ta gani. Ta yi ciwo a ƙarshen bazara aka kai ta wani gari wurin likita, kumandan ya tafi rangadi, ban-ruwa ya yi sanyi, mu ma muka ɗan miƙe wuya. Ta dawo bayan ruwan farko ta tarar da gaban gidanta kamar masussuka. Ta zagaya baya tana faɗa da kuku kan wani abu, sai ta yi turus. Bayan katangar nan, inda kofato ke tattakawa, inda ruwan sabulu da fitsarin doki ke kwanciya, kore ne shimfiɗe har gindin turaku. Ina nan tsaye da tulu. Ta tsuguna ta kama hannu ɗaya ta ja, ya biyo ta, ya biyo ta, tana ja da baya yana tsinkewa gaɓa-gaɓa yana barin saiwa a ƙasa. Sai ta yi dariya. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ta tambayi tafinta inda ake samun irinsa da yawa, ya nuna mata ƙasa da hannu, wajen tsohon gari.

Ni ma na yi dariya ranar. Ban san abin da ke tafe ba.

Tun da muka hau tudu Inna ba ta zauna ba. Kullum in na tafi bariki sai ta goya ɗiyata ta gangara tsohon gari. Ba komai can sai tarin ƙasa da itatuwa, da ƴan tsirarun da suka ƙi tashi ana korarsu suna dawowa. Amma hakin bayan ɗakinta yana nan. Gulbi ya kwanta a kansa, ya binne shi da laka, ya huda lakar ya fito. Ɗakin ya tafi, bayan ɗakin ya tsaya. Ta share kewayensa, ta zauna har rana ta karkata, ta hawo. Mutanen unguwa suka fara cewa tsohuwa ta taɓu. Ƙanenta, kawuna da ke noma a Jiratawa, ya zo takanas ya ce ta koma wurinsa, can akwai inuwa akwai dangi. Ta ce masa ba ta barin ƴaƴanta ba mai leƙa su. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, don na san ba ni take nufi ba.

Aka tura ƴan kaso da shebur da amalanke. Suka bi tsohon gari suna yanka ƙiri-ƙiri da ƙasarsa, fale-fale kamar ana yanka fata, suna kawowa bariki ana jerawa. Ina ganin amalanke na shigowa, zuciyata ba ta ba ni komai ba. Fadama faɗi gare ta, ina ruwansu da kangon wata tsohuwa?

Ranar da Inna ta gangara ta tarar da wurin a fefe, jar ƙasa a fili, ba ta yi kuka ba. Ta dawo da wuri. Na iso na same ta tana wanke ƙoren da ba su yi datti ba. Ta ce ta aika wa kawu, ya ce in ya gama maimai zai zo da jaki ranar kasuwa. Ta ce yanzu ba abin da take tsaro a garin nan.

Kwana kaɗan bayan haka ina juye ruwa a randa, wani ɗan kaso ya matso kamar zai ɗiba. Maƙwabcinmu ne na tsohon gari, marini, an kulle shi don ya ƙi barin rijiyoyinsa na rini. Hannunsa har lokacin shuɗi ne. Bai dube ni ba, ya ce:

"Ɗiyar Inna, ki roƙar mini gafara wurinta. Da bulala a kaina na yanka. Na bayan ɗakinta shi ya fi duka kauri, madam ta ce a sa shi gindin tuta."

Na juya na dubi gindin tuta. An kewaye shi da duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Tun ranar, tuluna can nake kai shi da kaina, ba na bari ya bi ta randa. Gardi ya ɗauka biyayya ce. Ƙawata ta dube ni ta dube ni, ta ce ƴar malamai ta shiga tsafi, na ce mata i, ta bar ni. Da na gaya mata dalili, ranar ba ta sake yin wasa ba har muka tashi.

Hakin kuwa ko a jikinsa. An yanke shi daga inda ya shekara da shekaru, an jijjiga shi a amalanke, an aza shi bisa rairayin tudu, ruwan sama ya ɗauke kwanaki, ya ɗan yi fari a gefe, shi ke nan. Ya kama. Ƴan kaso su aske shi da lauje ya ƙara kauri. Sojoji su yi tsaye a kansa da manyan takalma safe da yamma, su tafi ya miƙe. Har ya fara ƙetare fararen duwatsun yana miƙa hannu cikin tsakuwar hanya, aka ce mu riƙa cire masu ƙetarewa. Amma ba a fita da ko tsinke. Mutane sun fara satar hakin bariki suna kai wa dabbobi, saboda haka aka sa doka, gardin ƙofa yana leƙa tulu yana taɓa ƙugu, wadda aka kama bulala ce.

Ina ta lallashin Inna, ba ta ji. Na ce mijina zai dawo ya yi mana ɗakin ƙasa. Na ce an ce za a dasa itatuwa a bakin hanya. Ta ce wanda zai sha inuwarsu ba a yaye shi ba tukuna. Ana gobe kasuwa, da la'asar, na dawo na ga ta ɗaure kayanta: tabarma, ƙwarya cikin ƙwarya, mazari da abawa, tsintsiyarta a soke a sama. Ganin tsintsiyar nan shi ya tayar mini. Na yi mata magana irin wadda ba a yi wa uwa. Na ce ta zaɓi matattu ta bar mai rai. Na ce ni da na tsaya laifi na yi?

Ta bar ni na gama. Tana zaune bisa turmi tana tsefe kan ɗiyata.

"Ke kina da ƙafa," in ji ta. "In kin so ni, Jiratawa ba Makka ba ce."

Na ce to mi tudu ya yi mata da ba za ta iya zama ba, ga ni ga jikarta.

"Ba abin da ya yi mini. Ina shara ne, ina shara, in kai wannan zana in kai waccan, ban sami abin da zan kewaye ba."

Na ɗauki ɗiyata na shiga bukka.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa rijiya. Na kai tulun farko gindin tuta na juye. Sannan na durƙusa bakin fararen duwatsu, aikin da aka sa mu ne, ba mai tambaya. Sai dai yau ban fizga ba. Na bi kowane hannu da yatsa kamar yadda Baba ya koya mini, na zaro shi da saiwarsa da ƴar ƙasar da ke jiki, na zaɓi dogaye masu gaɓa da yawa. Da suka cika hannu na kwance tsumman gammona na cusa a ƙugu, na murɗa hakin na naɗe shi zagaye, na soke bakinsa ciki. Ƙawata tana gefena. Ta tsoma hannu a tulunta ta yayyafa masa ruwa, ta aza mini a ka, ta ɗora tulu a sama ta danna.

Gardin ƙofa Bagobiri ne mai zane har kunne, kullum sai ya tsokane mu Katsinawan Maraɗi. Ya leƙa tulu, wayam. Ya taɓa ƙugu, tsumma. Sai idonsa ya hau sama, ga ganye na leƙowa bisa goshina, ruwa na ɗiga.

"Bakatsina, talaucin har ya kai ki gammo da haki?"

Na ce, "Tsummokaran garin duk Gobirawa sun yi rawani da su."

Ya yi dariya. Ya sake duban gammon, ya dubi gindin tuta, dariyar ta tsaya. Ban sauke ido ba. Can sai ya juya ya daka wa wani mai jaki tsawa, wanda bai yi masa komai ba. Na wuce.

A rijiya na cika tulu. Layi ya juya hagu wajen bariki, ni na miƙe.

Jakin kawu na ɗaure a ƙofa, shi yana zaune yana shan fura, kayan Inna a gabansa. Na gaishe shi a tsaye da tulu a kai, abin da ban taɓa yi ba. Na zagaya bayan bukkar Inna na sauke, na ɗauki hauya na sassare ƙasa. Na warware gammon na fara tona ƴan ramuka ina kafa hakin ɗaya-ɗaya. Na ji tafiyarta a bayana, ban waiwaya ba.

Ta daɗe a tsaye.

"Na ina ne?" in ji Inna.

Na ce na gindin tuta, marini ya gaya mini.

Daga ƙofa kawu ya ɗaga murya yana tambaya ko ya fara ɗaura kaya, rana na yi.

"Wa ya koya miki dasa ƙiri-ƙiri a tsaye kamar albasa?" in ji Inna. "Kwantar da shi ake yi, a rufe gaɓa a bar kai. Matsa. Ba ni hauyar."

Na miƙa mata. Ta ɗaure zane ta durƙusa. Ni kuma na jawo tulun Nasara, na karkata bakinsa, ina bin hannunta da ruwa.